Nomau da Kejin Injinan Tamfol

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da masana'antu suka fara yawa, ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Mai gyaran inji ne, irin mutanen nan da za ka ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensu ko da ranar Juma'a ce. Sunan garin ba zai ƙara muku komai ba, don haka na bar shi. Ku dai ku gyara zama, na baya su matso, ku saurara da kyau.

Nomau yana aiki a wani kamfani da ke yin tamfol da rigunan ruwa. Sai na ɗan yi muku bayanin aikin, domin in ba ku fahimci injin ba, ba za ku fahimci mutumin ba. Kun san leda mai kauri ba a ɗinka ta da allura, don duk inda allura ta huda, nan ruwa zai bi. Manna ta ake yi. Injin da ke mannawar kuwa ba shi da harshen wuta, ba shi da garwashi. Sai a ɗora gefen leda a kan gefen leda, a taka feda, wani ƙarfe ya sauko ya danne su, sannan injin ya saki wani ƙarfi irin wanda ke ɗauko magana daga gidan rediyo ya kawo ta cikin akwatinka. Irinsa ne sak. Bambancin kawai, wanda ke zuwa rediyonka ya yi tafiya mai nisa ya gaji, wannan kuwa a gabanka yake fitowa da dukan ƙarfinsa. Shi ne ke shiga cikin ledar ya narkar da ita daga ciki, ta haɗe. Kafin ka ƙirga huɗu an gama.

Injinan guda shida ne. Kowanne ya zo da keji na ragar ƙarfe da ya kewaye bakinsa, da 'yar ƙofa, kuma in ba a rufe ƙofar ba injin ba ya tashi. Wani tsohon injiniya ne ya kafa su, shi ne kuma ya koya wa Nomau aikin. Ranar da zai tafi ya riƙe hannunsa ya ce, "Nomau, abin nan bai san bambancin leda da naman mutum ba. Yadda yake dafa ta daga ciki, haka zai dafa hannu daga ciki, fata ba ta ma sani ba. Ido kuwa ya fi komai rauni a gabansa. Kejin nan shi ne ke tsare shi. Injin kowa zai iya koyon gyaransa. Kejin na bar maka amana."

Nomau ya ce, "Na karɓa."

Kalma biyu ke nan, jama'a. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da su.

Shugaban ma'aikatan ɗakin injinan, wanda suke kira heluma, sunansa Sallau. Ɗan kawun Nomau ne, wato taubashinsa, kuma kun san halin taubasai. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Sallau in ya hango shi sai ya ce, "Ga bawana nan, zo ka ɗauki takalmina." Nomau ya ce, "Bawa da ya gaji ubangijinsa a talauci, ai sai a tausaya masa." A yi dariya, kowa ya kama aikinsa. Sallau ba mugu ba ne. Mutum ne mai zafin nama, mai son a ce ɗakinsa ya fi kowane ɗaki aiki, kuma ya fi kowa tsayawa a gaban inji da kansa.

To, wata shekara damina ta gabato, 'yan kasuwar hatsi da masu manyan motoci suka yi ta neman tamfol manya-manya, irin wanda zai rufe mota guda. Irin wannan tamfol ba ya shiga keji da daɗi. Sai an naɗe, an cusa, an rufe ƙofa, an taka, an buɗe, an ja, an sake naɗewa. Ma'aikata kuma ana biyansu ne gwargwadon abin da suka manna. Ran nan Nomau ya fita sayen wani ƙarfe a kasuwa, ya dawo ya tarar da keji shida jingine a bayan ɗaki. Makunnin da ke jikin kowace ƙofa an ɗaure shi da tsinken roba, don injin ya ɗauka ƙofa a rufe take. Aiki yana ta gudu kamar ruwa a gangare.

Nomau ya tsaya. Ya ce, "Sallau, wa ya yi wannan?"

Sallau ya ce, "Ubangijinka. Dubi tarin can. Abin da muke yi a kwana uku, yau kafin azahar mun yi shi."

"Taubashi, ba wasa nake ba. Abin da ke dafa ledar nan yanzu yana yawo cikin ɗakin nan."

"Ina yake? Nuna mini shi in gaishe shi."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Nomau ya jira aka tashi, ya ɗauko kejin ɗaya bayan ɗaya ya mayar, ya kwance robobin. Washegari da hantsi Sallau ya sake cirewa. Nomau ya sake mayarwa. Haka suka yi ta yi har mako biyu, ɗaya na ɗaurawa ɗaya na kwancewa, har noti suka fara cinyewa. Ma'aikata suka laƙaba masa suna, Malam Keji. In ya shigo sai wani ya yi kukan kaza.

Yanzu ku saurari inda abin ya ɓaci, domin ba kwaɗayi kaɗai ya ja su ba. Da kwaɗayi ne kawai, da wataƙila an shawo kansu.

A cikin ma'aikatan akwai wani dattijo, Baba Ɗangoggo, wanda ya daɗe yana fama da sanyin gwiwa. Ya sha saiwa, ya sha sassaƙe, an yi masa ƙaho, duk a banza. Da aka cire keji sai ya lura cewa duk lokacin da ya taka feda, wani ɗumi yana ratsa ƙafarsa. Ba ɗumin fata ba irin na jin wuta, a'a, ɗumi can cikin ƙashi, daidai inda ciwon yake. Sai ya fara matso da gwiwar yana jingina ta da ƙarfen injin. Ya ce wa na kusa da shi, "Wallahi shekara goma ban ji daɗin ƙafar nan ba sai yau. Ashe magani aka kulle mana a keji."

Kun san mu da maganar sanyi. Wa ba ya da shi? Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa injin tamfol yana tsotse sanyi. Mai gadi ya zo ya juya wa injin baya don ƙugunsa. Tabawa mai sayar musu da abinci ta kawo wuyan hannunta. Wani ma'aikaci ya goyo tsohuwarsa a keke aka zaunar da ita a kan benci kusa da babban injin. Masu ciwon kai har sunkuyawa suke yi su kai fuska kusa da bakin ƙarfen, ido a buɗe, suna cewa, "Taka, taka, yana shiga."

Nomau ya ga haka, ya yi tunani, ya ce mutanen nan ba za su yarda da abin da ba su gani ba, bari in nuna musu. Ya ciro dogon ƙwan lantarki daga rufi, ya riƙe shi a hannu, ba waya, ba komai, ya tsaya taku uku daga injin, ya ce a taka. Aka taka. Ƙwan ya kama fal a hannunsa. Aka ɗaga ƙafa, ya mutu. Ya ce, "Kun gani? Abin da ya kunna wannan, shi ne ke ratsa ku tun safe har yamma."

Sai Baba Ɗangoggo ya ce, "Allahu akbar! Abin da ya ba mataccen ƙwai haske, ina ga gwiwar mutum?"

Aka ɗauki kabbara da tafi. Hujjar da ya kawo don ya tsorata su, ita ta ƙara musu yaƙini.

Bai fid da rai ba. Washegari ya sayo 'yar hanta wajen mahauta, ya sa ta a bakin injin, aka taka. Ya ɗauko, ya ce kowa ya taɓa. Bayanta da ɗan sanyinta, jini-jini. Ya sa wuƙa ya tsaga, sai ga cikin ya dahu, yana tururi. Ya ce, "Haka yake yi. Kafin fata ta yi ƙara, ciki ya riga ya ƙone."

Sallau ya miƙa hannu ya ɗauki rabi ya jefa a baki. Ya ce, "Gishiri ne kawai babu. Gobe ka zo da yaji, bawana."

A ranar ne kuma Nomau ya lura da tsumma a yatsan Sallau. Ya kama hannun ya kwance. Zoben azurfar da yake sawa ya yi zafi a bakin aiki ya ƙona shi, wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero, amma da ka duba ka san ramin ya yi zurfi. Sallau ya fizge hannunsa ya ce, "Ɗan wannan? Ko mai toya ƙosai ta fi ni tabo."

Daga nan Nomau ya nufi ofishin mai kamfanin, Alhaji Maiwada. Shi ma kada ku ɗauka azzalumi ne mai ƙaho. Mutum ne mai zakka, mai ciyarwa da azumi. Ya saurari Nomau har ya gama, sannan ya ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, ranka ya daɗe."

"Wa ya kwanta?"

"Babu tukuna."

"To, su da ke aikin sun ce lafiya ma yake ƙara musu. Kai kaɗai ka ce cuta ne. In bi mutum arba'in ko in bi mutum ɗaya?"

Nomau ya ce, "Alhaji, ka ba ni mako biyu. Zan ƙera babban keji da tamfol zai shiga ba sai an naɗe ba. Aikin ba zai kai saurin yanzu ba, amma zai fi na da."

Alhaji ya nuna taga. Hadari ya haɗu a gabas. Ya ce, "Je ka gaya wa wancan ya jira ka mako biyu. Ka bar kejin nan inda Sallau ya ajiye su. Bayan damina ma yi magana."

Nomau ya koma gida da la'asar ya zauna a kan tabarma, abinci a gabansa bai taɓa ba. Matarsa Hansatu ta ce, "Malam, lafiya?" Ya kwashe duka ya gaya mata, har da abin da yake niyyar yi.

Ta ce, "Ka faɗa musu. Ka nuna musu. Ka faɗa wa mai wurin. Ai ka fita hakkinsu. 'Ya'ya biyar gare mu, Malam, ga Inna a ɗaki. Kai kaɗai Allah ya ɗora wa?"

Ya ce, "Hansatu, da baki kawai nake aiki a wurin, da na fita. Amma duk safiya hannuna ne ke tayar da injinan nan. In suka lalace ni ke gyarawa su ci gaba. Mutum ba zai riƙa wasa wuƙa yana cewa na ce kada a yanka ba."

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Allah ya sa abin da ya fi alheri." Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma hana shi ba.

A cikin kowane inji akwai wani babban ƙwai na gilashi da tagulla, shi ne zuciyarsa, in babu shi inji gawa ne. Da sassafe Nomau ya ciro duka shidan, ya naɗe kowanne a buhu don kada ya fashe, ya jera su a baro. Ku lura da nan, jama'a. Bai ɓoye su ba. Bai lalata ko ɗaya ba, bai kuma yi ƙaryar cewa sun ƙone ba, alhali da ya faɗi haka ba wanda zai gane. Ya tura baron har ƙofar ofis, ya yi sallama, ya jera su a gaban Alhaji.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kayanka lafiya lau. Naka ne, kana da ikon sa wani ya mayar. Amma ni hannuna ba zai mayar da su ba sai da keji."

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ni za ka tsayar wa da aiki ana tsakiyar damina? Wallahi, muddin ina raye ba za ka sake cin albashin gidan nan ba. Ajiye makullai ka fita."

Ya ajiye. Da zai fita ma'aikata sun taru a bakin ƙofa, don sun zo sun tarar da injina a mace. Wani ya yi kukan kaza. Wani ya ce baƙin ciki ne, ya ga talakawa sun fara samu. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne Baba Ɗangoggo, dattijon da yake girmamawa, ya dogara sanda ya ce, "Nomau, me na yi maka da kake son raba ni da maganina? Allah ya isa tsakanina da kai."

Nomau ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe ni. Don Allah ko ba ka ji komai ba, ka daina jingina ƙafar da ƙarfen."

Sallau yana gefe, hannu a aljihu. Wannan karon bai yi tsokana ba, bai kuma ɗaga kai ba. Kafin azahar an samo wani mai gyara daga wani kamfani, ya mayar da ƙwayayen, aiki ya ci gaba.

Damina ta wuce, ba a yi maganar ba. Wata daminar ta zo ta wuce.

Nomau ya nemi aiki a wasu kamfanoni, amma labari ya riga shi zuwa, an ce shi ne mai kashe wa ubangidansa inji. Sai ya kafa ɗan tebur a ƙarƙashin wani durumi, ba nisa da kamfanin, yana gyaran rediyo. Tuwo ya koma sau ɗaya a gidansa. Hansatu ta shiga yin dakau. Ga kuma wata jarrabawa da Allah ya haɗa masa a wurin. Duk lokacin da aka taka feda a cikin kamfanin, duk rediyon da ke kan teburinsa sai ya yi ƙarrr, ya shaƙe, sannan ya saki. Masu kawo gyara su ce, "Malam, ba ka gyara ba ke nan." Shi kuwa ya san abin da yake ji. Kowace ƙara mutum ne tsaye a gaban inji ba keji. Tun safe har yamma yana jin ta, sai dai a ga leɓensa na motsi.

Ya rubuta takarda zuwa ofishin da ke duba masana'antu. Shiru. Ya sake rubutawa. Aka turo wani mutum, ya duba bokitan yashi na kashe gobara, ya duba makewayi, ya ce shi ba shi da na'urar auna irin wannan abu, ya tafi. Sai Nomau ya koma tsayawa a bakin hanya lokacin tashi, yana tare su ɗaya-ɗaya. "Ɗan'uwa, ko ba keji, cire zobe da agogo kafin ka fara. Kada ka taɓa ƙarfen in an taka. Ja da baya iyakar tsawon ƙafarka. Fuskarka, don Allah, fuskarka." Wasu su tsallaka titi in sun hango shi. Mutum uku ko huɗu suka riƙa bin maganarsa a ɓoye, don kada a yi musu dariya.

A shekara ta uku abin ya fara fitowa.

Baba Ɗangoggo ne farko. Wata rana gwiwar ta taɓa inda bai kamata ba, ya ji kamar cizon kunama. Ɗan tabo ne fari. Ya ƙi warkewa. Ya zurma, ya yi ruwa, ya fara wari, ga dattijon da ma yana da ciwon suga. Aka kai shi asibiti aka yanke ƙafar daga cinya. Bai yi wata biyu ba ya rasu. Nomau yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Sai masu taka feda suka fara cewa yatsunsu sun yi dundum. Wannan ya ɗauki kofin shayi mai zafi bai ji ba sai da fata ta tashi. Wancan ya kasa sa maɓallin rigarsa. Sai ido. Mutum biyar daga ɗaki guda, ba wanda ya kai shekara arba'in da biyar, duk yanar ido ta fara rufe musu gani kamar tsofaffin da suka ga jika da tattaɓa kunne. Likitan da ya duba su ya ce shi ba zai rantse a kan dalili ba, amma ya tambaye su, "Wane irin aiki kuke yi haka, ku duka a wuri ɗaya?" Mutanen da da suka ce injin na da magani, yanzu suka ce yana da aljanu. Ma'aikata suka fara guduwa. Aka yi sauka, aka yi hayaƙi, aka yanka baƙin bunsuru. Ba wanda ya tuna da keji.

Wata rana da hantsi Nomau yana kan teburinsa, sai ya hango wani mutum tafe yana bin bango da hannu, yana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tsallake ruwa. Sallau ne. Shekara uku ba su yi magana ba sai gaisuwar mutuwa. Ya zo ya tsaya a gaban wani mai faci da ke kusa, ya yi masa sallama da sunan Nomau.

Nomau ya taso ya kama hannunsa ya ce, "Ga ni nan, taubashi. Ubangiji da kansa ya zo gidan bawa? Zauna."

Ya zaunar da shi a benci. Idon dama ya yi fari fat, na hagu ya fara. Sallau ya ce, "Tasbaha ma ba na jin ƙwayarta a hannuna. Jiya 'yata ta kawo mini ruwa, sai da ta yi magana na san ita ce." Ya juyo da fuska inda yake zaton Nomau yake. "To, faɗi mana. Shekara uku kana riƙe da ita a baki. Faɗi, na zo in ji."

Ku saurara, jama'a, domin nan ne wurin da yawancinmu za mu faɗi. Wa zai ƙi cewa ai na gaya maka? An kore shi, an yi masa kukan kaza, an ja masa Allah ya isa, 'ya'yansa sun kwana da yunwa. Gaskiyarsa ta fito a fili, ga wanda ya jawo abin zaune a gabansa yana roƙon a faɗa masa.

Nomau ya ce, "Mutum nawa suka rage a ɗakin?"

"Goma sha tara. Alhaji ya ɗebo sababbi daga ƙauye."

"Ina kejin?"

Sallau ya sunkuyar da kai. "Ɗaya yana wajen mai tsire. Biyu an yi akurkin kaji. Sauran 'yan gwangwan sun saya."

Nomau ya jawo wani kwalin batir daga ƙarƙashin tebur. Duk bayansa zane ne da fensir. Ashe duk shekarun nan yana zana babban kejin da ya roƙi a bar shi ya ƙera, yana gogewa yana sakewa. Ya rufe teburinsa da buhu, ya riƙe hannun Sallau, suka nufi kamfanin.

Alhaji Maiwada ya tsufa a shekara uku. Da ya ga Nomau sai ya kau da kai ya ce, "Ka san na rantse."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo in sa ka kaffara ba. Ba aiki nake nema ba. Ka sayi raga da kwano da katako, ka kashe injinan har in gama. Shi ke nan."

"Me zan ba ka?"

"Ka kai mutanen nan asibitin ido."

Kwana arba'in ya yi yana aikin. Ya ƙera keji mai faɗi, ya yi tebur mai zamewa da ke shigar da tamfol ciki ya fito da shi, ya janye fedar baya ta yadda mai takawa ba zai iya kaiwa ga ƙarfen ba ko ya so. Makunnin ƙofa kuwa ya binne shi cikin akwatin ƙarfe inda roba ba ta isa. Cikin kwana arba'in ɗin nan masu kawo masa rediyo suka koma wajen wani, kuma da yawansu ba su dawo ba.

Kada ku jira in ce muku daga nan ya yi arziki. Bai yi ba. Alhaji ya riƙe rantsuwarsa. An yi wa Sallau aiki, idon hagu ya ɗan buɗe, na dama ya tafi ke nan, yatsunsa kuma ba su dawo ba har ya koma ga Allah. Baba Ɗangoggo yana kabari da Allah ya isarsa, bai samu ya janye ba. Nomau ya koma ƙarƙashin durumi, ya yi 'yan shekaru, ya kwanta ciwon kwana shida ya rasu. Sahu biyu aka yi a jana'izarsa. A ranar kamfanin yana aiki, sababbin ma'aikata suna ta mitar wane ne ma ya ƙera wannan keji mai rage wa mutane sauri. Sun tsufa da idanunsu, sun ga jikokinsu, ba su taɓa sanin sunansa ba. Wanda bai makance ba ai bai san an tsare shi ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba ajiyar kaya kaɗai ba ce. In Allah ya sanar da kai wata cuta da 'yan'uwanka ba sa gani, wannan sanin amana ne a wuyanka, kuma ba ka sauke ta da faɗa sau ɗaya, balle in hannunka na cikin aikin. Addininmu ya hana mu cutar da kanmu, ya hana mu cutar da wani, bai kuma ce sai cutar da ido ke gani ba.

Ina ganin fuskokinku, na san sana'o'inku. Akwai masu aiki a kamfanin roba a nan. Akwai masu hawa dogayen ƙarafan sadarwa, waɗanda ake ce wa su hau su gyara ba a kashe na'ura ba don kada a rasa ciniki na awa guda. Kai da ke ƙasa riƙe da makunni, ran na sama yana hannunka. Kai heluma, kai mai kamfani, duk murfin da ka cire don aiki ya yi sauri, duk makunnin da ka ɗaure da roba, ka sani da idon wani ka biya, kuma za a tambaye ka. Kada ka ce wa ya mutu. Ranar da za a iya amsa maka wannan tambaya, lokacin gyara ya wuce.

Kai kuma ma'aikaci, ba duk abin da jiki ya ji daɗinsa ne magani ba. In akwai wani a wurin aikinku da ya dame ku da a rufe, a kashe, a ja da baya, wanda kuka sa wa suna kuna dariya, gobe in Allah ya kai mu ka je ka gaishe shi, ka tambaye shi me ya gani.

Allah ya tsare mana idanunmu da gaɓoɓinmu, ya sa kada a cuci kowa ta hannunmu. Ku tashi mu yi haramar salla.